Tsohuwar kwamfutar tebur: faifai za a fara canzawa ko furosesa?

Yawancin kwamfutocin tebur da ke aiki a shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu da ɗakunan haɗa hoton biki a garuruwanmu na hannu ne. Kamfanonin Turai da Amurka sun gama morarsu, aka loda su a kwantena, suka sauka Legas, da yawansu suka bi ta Computer Village da ke Ikeja kafin su iso Arewa. Idan ka leƙa ƙarƙashin tebur a irin waɗannan wurare, da wuya ka rasa Dell OptiPlex 790 ko 7010, ko HP Compaq 8200 ko 8300 Elite. Ƙirar 2011 da 2012 ce, kuma an yi su ne domin aikin ofis, shi ya sa suke da ƙwari. Sun jure ƙurar hunturu, sun jure zafin bazara, sun jure wutar janareta. Sai dai yau sun yi nauyi. A kunna, a zauna jira. A danna Word, a sake jira, ga kwastoma a tsaye da takardarsa a hannu.

Da mai shago ya gaji da wannan jiran, abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne a saka masa Core i7, wato furosesa mai ƙarfi, ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. Masu sayar da kaya ma sun san sunan yana da farin jini, don haka shi suke fara miƙowa. Ni a ganina nan ne ake asarar kuɗi. A irin waɗannan injina, mafi yawan nauyin daga faifan ajiya yake fitowa, kuma furosesa ita ce ta ƙarshe da ya kamata a taɓa, idan ma za a taɓa ta.

Dalilin yana cikin yadda tsohon faifai yake aiki. A cikinsa akwai faranti mai juyawa da ɗan hannu mai allura da ke kai-komo a kansa yana karatu da rubutu. Faifan kwamfutar tebur yakan juya sau 7,200 a minti, wato sau 120 a sakan guda. Kafin a karanto wani ɗan guntun bayani, sai hannun ya matsa zuwa layin da bayanin yake, sannan a jira farantin ya juyo da wurin ƙarƙashin allurar. Duka biyun sukan ci kusan milisakan 12. A kunne ba wani abu ba ne. Amma furosesa mai gudun gigahaz 3 tana bugawa sau biliyan 3 a sakan, ke nan a cikin wannan ɗan jiran ta yi asarar bugu kusan miliyan 36 tana zaune hannu rabbana. Kuma Windows ba babban fayil guda take karantawa lokacin tashi ba. Dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse ko'ina a kan farantin, kuma faifan ba ya iya ɗauko fiye da kusan ɗari a sakan idan a warwatse suke. Kamar magini ne da lebura ɗaya tal mai kawo masa kwaɓi daga nesa: ko ka sallami maginin ka ɗauko wanda ya fi shi hannu, gini ba zai ƙara sauri ba, domin shi ma zaman jiran kwano zai yi.

Ba sai an yarda da maganata ba, kowa na iya dubawa da idonsa. A Windows 10, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A lura da shi a daidai lokacin da kwamfutar take jan ƙafa. Idan layin faifai ya kafe a kashi 100 alhali furosesa tana yawo a kashi 15 ko 20, an gano mai laifi. Idan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ita ce ta cika maƙil, to Windows na kwashe abin da ya yi mata yawa tana zubawa a kan faifan, wanda dama can shi ne mai rauni. Sai idan furosesar ce da kanta take kafewa a kashi 100 na tsawon lokaci, sannan batun canza ta ya taso. Wannan binciken na minti biyar ne, kuma kyauta ne, amma da yawa sukan tsallake shi su wuce kasuwa.

Idan faifai ne mai laifi, maganin shi ne a musanya shi da sabon nau'in ma'ajiya da ake kira SSD, wadda ba ta da faranti, ba ta da allura. Ƙwayoyin lantarki ne irin na filas, kuma tana kai wa ga kowane bayani cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milisakan ba. Inda tsohon faifai yake ɗauko ɗari, ita tana ɗauko dubun-dubatai. Shi ya sa injin da yake cin mintuna kafin ya natsu bayan kunnawa yakan dawo yana tashi cikin ƙasa da minti, da furosesarsa ta da, da ram ɗinsa na da. Babu wani canji guda da ke yi wa tsohuwar kwamfuta abin da wannan yake yi.

Akwai abubuwan lura wajen saye da sakawa. Na farko, irin SSD ɗin. Bod-bod ɗin waɗannan injina na 2011 da 2012, wato babban allon da komai ke haɗuwa a kansa, mahaɗin faifai na SATA suka sani, don haka SSD mai faɗin inci 2.5 za a nema, irin su Samsung 870 EVO ko Crucial MX500 ko Kingston A400. Sabuwar ƙirar nan siririya ta NVMe ta fi gudu nesa ba kusa ba, amma babu gurbinta a waɗannan injina. Ko an sayo katin da ke ɗaukarta an soka a ramin PCIe, BIOS ɗinsu, wato ƙaramar manhajar bod da ke fara tayar da injin, bai san yadda zai tayar da Windows daga kanta ba, sai dai a yi ajiya kawai. Mutane sun sha sayowa su dawo suna cewa kaya ba shi da kyau, alhali kayan lafiyarsa ƙalau, bod ɗin ne bai gane shi ba.

Sannan ramukan SATA da ke kan bod ba duka suke daidai ba. SATA III na kai wa kusan megabayit 550 a sakan, SATA II kuwa ba ta wuce kusan 280. A OptiPlex 790, mai cifset Q65 (cifset shi ne guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassan bod), rami ɗaya ne kacal mai gudun SATA III, don haka can ya kamata wayar SSD ta shiga, galibi ramin da aka rubuta wa SATA0. OptiPlex 3010, mai cifset H61, ba shi da SATA III ko ɗaya. Kada wannan ya karya wa mai shi gwiwa. Ribar SSD tana wajen saurin kai wa ga ƙananan fayiloli ne, kuma wannan ba ya raguwa sosai a SATA II. Wajen kwafar manyan bidiyo ne kawai za a ji bambanci.

Batun jabu kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ana samun SSD da aka rubuta wa terabayit 1 a jiki, Windows ma ta nuna haka, amma ainihin ƙwayoyin da ke ciki ba su kai ko kusa ba. Za ta yi aiki lafiya har ranar da aka wuce iyakarta ta gaskiya, daga nan sai fayiloli su fara lalacewa ba tare da wani gargaɗi ba. Mai shagon da ke riƙe da furojet ɗin ɗalibai ko hotunan bikin mutane, wannan asarar amana ce, ba ta kuɗi kaɗai ba. Manhajar H2testw tana cika faifai da bayanai ta sake karanto su, ta fallasa girman gaskiya. CrystalDiskInfo kuma tana nuna awannin da faifai ya yi yana aiki da yawan abin da aka rubuta a kansa, wanda zai nuna ko an sayar maka da tsoho a kwalin sabo. A yi gwajin tun ranar saye, tun kafin mai kaya ya ce kwana ya wuce. Kuma gara 256GB ta ƙwarai da 1TB mai arhar da hankali bai ɗauka ba.

Bayan an saka, hanya biyu ce: a kwafe tsohon faifan ɗungurungum zuwa sabon da manhaja irin Clonezilla, ko a zuba Windows sabuwa fil. Kwafa tana da daɗi ga wanda yake da manhajoji da saituttukan firinta da ba ya son sake wahalarsu, amma tana tahowa da duk tarkacen shekaru, har da ƙwayoyin cutar da filas ɗin kwastomomi suka bari. Ga injin shago, ni sabuwar zubi nake zaɓa. Kafin a fara, a shiga BIOS a mayar da tsarin SATA zuwa AHCI. Idan sai bayan an gama zuba Windows aka canza, injin kan ƙi tashi ya nuna shuɗin allo. A kuma cire wayar tsohon faifan har sai an gama, domin Windows na iya ajiye fayilolin tashi a kansa, ranar da ya mutu kuma sabon ma ya ƙi tashi. Daga baya a mayar da shi ya zama rumbun ajiya, idan CrystalDiskInfo ta nuna yana da lafiya. Idan ta nuna rawaya, ko ana jin yana ƙas-ƙas, a kwashe abin da ke ciki a yau, kada a bari sai gobe.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba: tsohon faifai yakan yi ciwo kafin ya mutu, ya yi ƙara, ya yi jinkiri, ya ba mutum dama. SSD kan iya ɗaukewa farat ɗaya, kuma ceto bayanai daga cikinta ya fi wuya. Ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubutu ma na iya lalata abin da ake rubutawa. A inda wuta ke zuwa da tafiya ba sallama, ƙaramin UPS da kwafin muhimman fayiloli a wani wuri daban suna cikin lissafin gyaran.

Ram ba ta buƙatar dogon bayani. DDR3 waɗannan injina suke ci, 4GB ta yi kaɗan ga Windows 10 da Chrome na yau, 8GB ta wadatar ga aikin shago. A saka sanda biyu iri ɗaya maimakon guda, kuma a tabbatar Windows mai bit 64 ce, domin mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya haura 4GB.

Yanzu furosesa. Abu na farko da ke ɗaure hannun mutum shi ne gurbin da take zama, wato soket. Intel, kamfanin da ke ƙera su, ta saba canza shi duk bayan zubi biyu, wato fitowar sabuwar ƙirar furosesa sau biyu. LGA775 na zamanin Core 2 Duo ne. LGA1156 ya zo a 2009, LGA1155 a 2011, LGA1150 a 2013, LGA1151 a 2015. Lambobin sun yi kama da juna, amma furosesar wannan ba ta aiki a gurbin wancan. Injinan da muke magana a kansu LGA1155 ne, wanda ke ɗaukar zubi na biyu da na uku na Core, wato masu lamba dubu biyu da wani abu, irin i5-2400, da masu dubu uku da wani abu, irin i5-3470.

To amma shiga gurbi ba shi ne aiki ba, kuma nan ne ko masu gyara suke tuntuɓe. OptiPlex 790 da 7010 gurbinsu ɗaya. Ɗauki i5-3470 ka saka a 790, za ta zauna daram, murfi ya rufu, amma ka kunna allo ba zai kawo komai ba. Cifset Q65 da Q67 ba sa karɓar zubi na uku, kuma babu sabunta BIOS da zai gyara wannan. Haka HP 8200 Elite take, domin Q67 gare ta. Su 7010 da HP 8300 Elite, masu Q77, su ne ke karɓar duka biyun. Saboda haka iyakar mai 790 ita ce i7-2600, iyakar mai 7010 kuma i7-3770. Kafin a je kasuwa, a buɗe manhajar CPU-Z a rubuta sunan cifset da lambar BIOS, sannan a duba jerin furosesocin da Dell ko HP suka ce injin yana ɗauka. Idan har sai an sabunta BIOS, a yi shi tsohuwar furosesa tana ciki, kuma kada a kuskura a fara ba tare da UPS ko tsayayyar wuta ba. Wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aikin, bod ɗin na iya zama sai dai a jefar.

Akwai ƙananan tarko biyu a cikin haruffan da ke bin lamba. Mai P a ƙarshe, irin i5-3350P, ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, don haka idan babu katin hoto daban, allo baƙi za a gani. Sai kuma batun zafi: i3-2120 wat 65 take fitarwa, i5-3470 da i7-3770 wat 77, i5-2400 da i7-2600 kuwa wat 95. Ƙananan akwatunan nan sirara ƙwarai an yi musu ƙarfen sanyaya ne daidai da masu S a ƙarshe, irin i5-3470S mai wat 65. A cusa musu mai 95 a ɗakin da ba fanka a watan Afrilu, furosesar za ta riƙa rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, a ƙarshe a biya kuɗin gudu a samu rarrafe.

Wannan rage gudun saboda zafi yana faruwa ko ba a canza komai ba, kuma shi ne dalilin da ya sa wasu suke zaton furosesarsu ta tsufa. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya yakan bushe ya zama kamar alli bayan shekara goma, ƙurar hunturu kuma ta toshe haƙarƙarin ƙarfen har iska ba ta ratsawa. A hure ƙurar, a goge tsohon man da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da gudun da ake shirin saye da kuɗi.

To idan an canza, me za a samu? Ya danganta da inda aka taso. Daga Pentium ko i3 mai ƙwaya biyu (ƙwaya ita ce sashen furosesa mai yin aiki da kansa) zuwa i5 mai ƙwaya huɗu, ribar a bayyane take, musamman ga mai buɗe shafukan intanet da yawa yana kuma aiki da CorelDraw ko Photoshop a lokaci guda. Wannan canjin ina goyon bayansa idan farashin i5-3470 ko i5-2400 ta hannu bai yi tsada ba. Daga i5 zuwa i7 kuwa, labari ya sha bamban. i5-3470 da i7-3770 duka ƙwaya huɗu gare su. Ta farko tana gudu daga gigahaz 3.2 zuwa 3.6, ta biyu daga 3.4 zuwa 3.9, sai kuma dabarar da i7 ɗin take da ita da ke ba kowace ƙwaya damar riƙe layin aiki biyu. Mai haɗa bidiyon biki zai ga lokacin fitar da aiki ya ɗan ragu. Mai buga takardu da cike fom ba zai ji komai ba. Kuma da yake i7 ɗin ita ce ƙololuwar gurbin, kowa ita yake nema, farashinta yakan fi amfaninta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna ƙarfi sai an haɗa da zubi: i3-10100 ta 2020 ta fi i7-3770 ta 2012 gudu.

Aikin canzawar kansa ba shi da wuya, amma yana son natsuwa. A cire wayar wuta daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin don sauke lantarkin jiki. A gurbin LGA, ƙusoshin suna kan bod ne, siraran gaske, 1,155 a jere, kuma ɗaya ya lanƙwashe yana iya kashe ramin ram ko ya hana injin tashi gaba ɗaya. Furosesar tana da tsaga biyu a gefe da alamar kusurwa uku a lungu. A daidaita su, a ajiye ta a hankali, kada a danna, kada a ja ta a kan ƙusoshin. Tunda an riga an buɗe, a canza ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo da saitin BIOS, don idan ya mutu injin kan manta saitinsa duk lokacin da aka zare wuta.

Mai OptiPlex 755 ko 780, na zamanin Core 2 Duo, SSD za ta taimake shi shi ma, kuma Core 2 Quad na iya ƙara masa ɗan numfashi idan bod ɗinsa na ɗauka. Amma ban ga hikimar zuba kuɗi da yawa a wannan zubin ba.

Sai katangar da babu furosesar LGA1155 da za ta tsallake. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, shirin ƙarin wa'adin tsaro na masu amfanin gida kuma, lokacin da aka sanar da shi, an sa iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Ko i7-3770 ba ta cikin jerin. Ana iya zagaye sharaɗin da manhaja irin Rufus, kuma takan yi aiki, amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan injin gyare-gyare ba. Core 2 Duo kuwa, daga fitowar 24H2 ta Windows 11 ko zagayen ba ya yi, domin ba ta da wani umarni da sabon tsarin yake buƙata kafin ya tashi. Wannan ya fi shafar shagon da mutane suke kawo lambar NIN da bayanan banki da takardun makaranta a shigar musu a intanet. Injin da ba ya samun gyaran tsaro bai dace da wannan amanar ba. Linux Mint, tsarin da ake zubawa a madadin Windows, na tafiya sumul a kan waɗannan injina kuma tana samun gyare-gyarenta, ga wanda aikinsa burauza ne da rubutu. Wanda abincinsa ke kan CorelDraw kuwa, ba za ta yi masa ba.

Saboda haka kafin a biya kuɗin furosesa, a zauna a yi lissafi. A haɗa farashin i7 da na ƙarin ram, a je a tambayi farashin OptiPlex 3060 ko 7060, ko HP EliteDesk 800 G4, na hannu. Ƙirar 2018 ce, zubi na takwas, tana karɓar Windows 11 ba tare da dabara ba, tana kuma da gurbin NVMe. Idan tazarar ba ta da yawa, gara a tara a sayi wancan. SSD ɗin da aka saya yau za a zare ta a soka a sabon injin ta ci gaba da aiki, domin shi ma yana da ramin SATA. Furosesar LGA1155 da sandunan DDR3 kuwa ba su da gurbi a can, tare da tsohon bod za su zauna.